Daga Gandu Zuwa Albashi: Yadda Ake Riƙe Ma'aikaci

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana ma'anar walwalar ma'aikaci, da ƙaimi, da riƙon ma'aikata;
2. faɗin manyan haƙƙoƙin da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci, da mutanen da dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafa ba;
3. lissafa ladan yini, da awannin aikin mako, da asarar da maigida ke yi idan gwanin ma'aikacinsa ya tafi;
4. bambance abin da ke hana ma'aikaci guna-guni da abin da ke sa shi aiki da zuciya ɗaya.

Shiga darasi

A Masama, cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, da wuya a sami magidancin da bai taɓa sa wani aiki ba, ko wani bai taɓa sa shi ba. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke taka rawar biyu. Da damina shi ne maigida, yana neman 'yan ƙwadago su taya shi noman farko da maimai a gonar gero. Rani na kamawa sai ya saɓa lauje ya nufi fadama yankan shinkafar wani, ko ya tafi cin rani birni, inda shi ma zai zama yaron wani.

Aikin lada ya ƙara yawa a wannan yanki. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, wanda Babban Bankin Nijeriya ya fito da shi don ba manoma rance, kuma manoman shinkafar Kebbi ne suka fara cin gajiyarsa. A 2017 aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Shinkafa kuwa ba ta isa tukunya sai ta bi ta hannuwa da yawa: masu dashe, masu ban ruwa, masu feshi, masu yanka da bugu da sheƙa, 'yan dako, mata masu turarawa, da yaran injin casa. Albasar da ake lodi a Aliero ita ma hannu take nema. A Kalgo kuma akwai mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, inda ake aikin wata, daga malamai har zuwa direbobi da masu gadi.

Aiki ya yawaita, ƙorafi ma ya biyo shi. Maigida na cewa yaran yanzu ba su da amana, ka koya wa yaro aiki, ranar da ya iya ya gudu. Ma'aikaci na cewa masu hali ba sa tsoron haƙƙi. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, amma wanda ke riƙe da kuɗi da ikon ɗauka da kora shi ne nauyin gyara ya fi hawa kansa.

1. Abin da gandu ya sani

Tun kafin a san ofis da takardar ɗaukar aiki, Bahaushe yana da tsarinsa na aiki a ƙarƙashin wani, wato gandu. 'Ya'ya da ƙanne, har da masu aure, suna noma babbar gonar gida a ƙarƙashin uba ko babban wa. Abin da mutane suka fi tunawa shi ne biyayyar yara. Abin da ake yawan mantawa shi ne jerin nauyin da ke kan maigida: shi ke ciyarwa daga rumbun gandu, shi ke sayen fartanya da garma, shi ke biyan haraji, shi ke ɗaukar ɗawainiyar auren fari. Sannan yana yanka wa kowane yaro 'yar gonarsa, wato gayauna, ya bar masa wani yanki na yini ko wasu ranaku na mako don ya noma ta. Abin da ya fito daga wannan gona na yaron ne, ya sayar ko ya ajiye.

Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta nazarci wannan tsari, littafinta ya fito a 1972. Ta lura cewa gandun uba da ɗa mai aure yarjejeniya ce da ke tsayawa muddin kowa na ƙaruwa da ita. Uban da ya kasa sauke nauyinsa, 'ya'ya kan fita su bar shi da gona.

Ba a cewa zamanin da ya wuce duk alheri ne. A ƙarni na 19 akwai manyan gandaye na sarauta da bayi suka noma da ƙarfin tsiya, kuma ko a gandun gida an sha danne ƙanne da mata. Abin ɗauka shi ne wannan: iko da nauyi tare suke tafiya. Da aiki ya koma na kuɗi, masu gida da yawa sai suka riƙe ikon suka saki nauyin. Suna son biyayyar ɗan gandu, amma ba ciyarwa, ba magani, ba gayauna.

> AKWATIN KALMOMI
> Gandu: aikin gona na haɗin gwiwa a ƙarƙashin maigida, inda yara ke ba da ƙarfinsu shi kuma ya ɗauki nauyinsu.
> Gayauna: 'yar gonar da ake ware wa ɗan gandu, amfaninta nasa ne shi kaɗai.
> Gayya: taron mutane su taya wani aiki ba don lada ba, shi kuma ya ciyar da su, ranar tasu ya je.
> Riƙon ma'aikata: yadda maigida ko shugaba ke tsara aiki, ya raba shi, ya biya, ya gyara kuskure, ya kuma kula da mutanen da ke yi masa.

2. Magana kafin aiki

Mafi yawan rigimar maigida da ma'aikaci tun ranar farko ake shuka ta, lokacin da ɗaya ya ce, "Nawa za a ba ni?" ɗayan ya ce, "Haba, ai ba za mu ɓata ba." Kunya ce ke sa a yi shiru, kuma wannan kunyar ce ke haifar da cacar baki a ƙarshen wata. Abu huɗu ya kamata a yanke kafin a ɗaga lauje ko a tada inji: wane aiki ne, daga yaushe zuwa yaushe, nawa ne lada, wace rana ce ranar biya. Idan akwai abinci a ciki a faɗa. Idan babu takarda, a yi maganar gaban shaidu biyu, ko a ɗauke ta a waya.

> AKWATIN KALMOMI
> Ƙwadago: aikin ƙarfi da ake biya, galibi a kan yini.
> Jinga: aikin da aka yanke kuɗinsa gaba ɗaya, ko ya ɗauki yini ɗaya ko uku.
> Albashi: ladan da ake biya a kan wata.
> Mafi ƙarancin albashi: adadin da doka ta hana a biya ƙasa da shi ga ma'aikacin wata.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta ta 1974 ce kuma tana cikin kundin dokoki na 2004, ta yi magana a kan wannan. Ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. Ta ce kada tazarar biyan lada ta wuce wata ɗaya. Ta hana maigida cin ma'aikaci tara ta hanyar zaftare masa lada. Ko da ɓarna ya yi da gangan ko da sakaci, sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce za a cire wani abu. Idan za a rabu, akwai wa'adin sanarwa: yini ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara 5. Wannan wa'adi ya hau kan kowa. Ma'aikacin da ya wayi gari ya ɓace ba sallama shi ma ya taka doka.

Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya kasance naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan a watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan 70,000. A Kebbi, Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, wanda kafin ya hau mulki shi ne shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, ya amince da 75,000 ga ma'aikatan gwamnatin jiha a watan Oktoba na 2024.

Sai dai a nan ya kamata ɗalibi ya buɗe kunne. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta shafi aikin da ke bin yanayi irin na gona ba, haka kuma ba ta shafi wanda ake biya bisa yawan abin da ya yi ko bisa kamasho ba. A duba Masama da kyau: mai yankan shinkafa, yaron shago, yaron injin niƙa, ɗan dako, mai tura kurar ruwa, kusan dukkansu suna wajen wannan katanga. Abin da ke tsare su shi ne ciniki na gaskiya, da idon jama'a, da tsoron Allah na wanda ya sa su aiki. Malamai sun sha jan kunne a kan jinkirta haƙƙin ɗan ƙwadago alhali akwai halin biya, kuma ba don banza ba ne: mai ladan yini yawanci da shi zai auno hatsin tuwon daren nan.

Misali na 1. Ko da doka ba ta tilasta ba, ana iya ɗaukar adadinta a matsayin ma'auni. Wanda ke aiki kwana 6 a mako yana yin kusan kwana 26 a wata. A raba 70,000 gida 26, za a sami kimanin naira 2,692 a yini. Idan da 75,000 aka yi lissafin, zai zama kimanin 2,885. Yanzu a ɗauka wani mai shagon kayan masarufi yana ba yaronsa 30,000 a wata, da abincin rana da ya kai na 500 kullum. Abincin kwana 26 ya kama 13,000. Jimilla 43,000 ke nan, wato kimanin 1,654 a yini. Da wannan lissafi mai shago da yaronsa za su iya zama su yi magana da hujja, maimakon ɗaya na cewa "ina ƙoƙari" ɗayan na cewa "ana cuta ta".

Adalci ne a faɗi halin da maigida ke ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin zuba wa injin ban ruwa mai da kuɗin mota sun yi tashin gwauron zabo, kuma manomi ba ya ganin kuɗi sai ya sayar. Wanda ya san ba zai iya biya ba sai bayan girbi, ya faɗa tun farko a amince ko a ƙi. Abin da ke ɓata zuciya shi ne "dawo gobe" da ba ta ƙarewa.

3. Walwala: jiki ne jari

> AKWATIN KALMOMI
> Walwalar ma'aikaci: ma'aikaci ya kasance cikin lafiyar jiki da kwanciyar hankali da mutunci, a wurin aiki da bayan ya tashi.
> Diyyar rauni: kuɗi ko magani da ake ba wanda ya ji ciwo ko ya naƙasa saboda aiki, ko iyalansa idan ya rasu.

Ɗan ƙwadago ba shi da jarin da ya wuce jikinsa. Girbin shinkafar rani kuma yakan faɗo ne a watannin da rana ta fi ƙuna, lokacin da zafi a wannan yanki ke haura maki 40 a ma'auni. Maigida mai lura yakan sa a fara da sanyin safiya, a tsaya idan rana ta take, a koma bayan la'asar ta kusa. Yakan ajiye ruwan sha mai tsabta a inuwa, ba a bar mutane su sha na kwatar ban ruwa ba. Idan azumi ya zo a irin wannan lokaci, a ƙara sassauta awanni. Wanda ya fara jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko maganarsa ta rikice, ba lalaci ba ne. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, idan bai dawo daidai ba nan da nan a nufi asibiti.

Doka ta ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a yini a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma cikin kowane kwana 7 ya sami yini guda cur na hutu. Wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa yana da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki, da ladansa. Wanda ya kwanta rashin lafiya da shaidar likita ana biyansa har kwana 12 na aiki a shekara. Mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, kuma idan ta riga ta yi wata 6 a wurin, a biya ta aƙalla rabin ladanta. Mai goyo tana da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa.

Yawan awanni ba gajiya kawai yake jawowa ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako.

Misali na 2. A ɗauka yaron injin casa yana zuwa ƙarfe 7 na safe ya tashi 6 na yamma. Awa 11 ke nan. A cire awa ɗaya ta salla da abinci, saura 10. Kwana 6 a mako ya ba da awa 60, ya haura 55 da awa 5. Idan maigida ya sa ana tashi ƙarfe 5, mako zai koma awa 54. Ko kuma ya ɗauki yaro na biyu su riƙa karɓa-karɓa a lokacin da aiki ya yi yawa.

Haɗurran da suka fi yawa a ƙananan wuraren aiki ƙanana ne a ido. Bel ɗin inji da ba a rufe ba yana kama hannun riga, daga nan sai hannu. Ƙurar ƙaiƙayi tana taruwa a ƙirji. Mai feshi da ya goya tankin da ke yoyo, ba takalmi, ba abin rufe hanci, yana shan guba ta fata ko bai sani ba, kuma galan ɗin maganin da ya ƙare bai kamata ya koma na ɗibar ruwa ba. Doka ta hana a sa wanda bai kai shekara 16 ba aikin inji, abin da masu injin niƙa da yawa ba su taɓa ji ba. Tun 2010 akwai dokar diyyar ma'aikata, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, don a kula da wanda ya ji rauni. Mai ma'aikata 10 da ke biyan kowa 70,000 yana fitar da 700,000 a wata, abin da zai zuba 7,000 ne. Mai yara biyu ko uku da bai kai ga rajista ba, aƙalla ya ware wani abu duk ranar kasuwa da sunan magani.

4. Ƙaimi

Ƙaimi a asali ƙarfen da mahayi ke ɗaurawa a dunduniya ne ya zunguri doki. Masu gida da yawa haka suka ɗauki ma'aikaci: ba ya motsi sai an zungure shi da tsawa ko barazanar kora. Tsawa tana sa hannu ya yi sauri muddin maigida na tsaye. Ya juya baya, aiki ya koma yadda yake.

> AKWATIN KALMOMI
> Ƙaimi: abin da ke zaburar da mutum ya yi aiki da kyau, ko ana kallonsa ko ba a kallo.
> Abubuwan kau da guna-guni: lada a kan kari, kayan aiki, tsaro, adalcin shugaba.
> Abubuwan sa himma: yabo, amana, ƙarin ilimi, rabo a cikin riba, hanyar ci gaba.

A 1959 wani masani a Amurka, Frederick Herzberg, ya wallafa binciken da shi da abokansa suka yi a yankin Pittsburgh. Sun tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 su ba da labarin lokacin da suka fi jin daɗin aikinsu da lokacin da suka fi jin haushinsa. Amsoshin ba su zama kishiyoyin juna ba. Haushi ya fi fitowa daga tsarin kamfani, da halin shugaba, da yanayin wurin aiki, da albashi. Daɗi kuwa ya fi fitowa daga kammala abu mai wuya, da a gane ƙoƙarin mutum, da a danƙa masa amana. Wasu masana sun soki hanyar binciken, kuma ga mai ladan yini kuɗi ya fi nauyi fiye da yadda yake ga injiniyan Amurka. Duk da haka rabon da ya yi yana da amfani: biyan lada a kan kari yana kashe guna-guni, amma shi kaɗai ba ya haifar da himma.

Wanda ya taɓa ganin gayya ya riga ya san wannan. Ba sisin kwabo a ciki, sai fura da tuwo, amma samari na rige-rigen fitar da kunya kamar za su fasa ƙasa. Mai gangar noma yana bayansu yana kiran sunan kowa da na ubansa, jama'a na kallo, wanda ya riga kowa kai ƙarshen gona za a yi ta zancensa har wata damina. Suna da yabo a bainar jama'a ne ke aiki a nan. Gayauna kuma tana koyar da ɗaya ɓangaren: yaron da ya gaji tilis a gonar gandu, da yamma sai a gan shi a tasa yana cire ciyawa ɗaya-ɗaya, domin abin da ya fito nasa ne.

Kowane wurin aiki yana iya samun gayaunarsa. Mai injin casa na iya cewa duk buhun da ya haura adadi kaza a yini, yara na da wani abu a kai. Mai shago na iya barin yaro ya kasa 'yar hajarsa a gefe. Tela ko bakanike na iya yanke wa almajirinsa lokacin yaye tun ranar da aka kawo shi, ya kuma cika, har ya taimaka masa da keke ko akwatin sifana. Yaron da bai ga ranar da zai tsaya da ƙafarsa ba, shi zai yanka wa kansa ranar, kuma ba zai yi sallama ba.

Masu ganin kyautata wa ma'aikaci asara ce su dubi labarin Henry Ford, mai ƙera motoci a Amurka. A 1913 ma'aikata na guje wa masana'antarsa har sai da ya ɗauki mutum fiye da 50,000 cikin shekara ɗaya don cike gurbin kimanin 14,000. A watan Janairu na 1914 ya ɗaga ladan yini zuwa dala 5, ninki biyu da ɗoriya, ya rage awanni daga 9 zuwa 8. Guduwa ta ragu ƙwarai. Ford ba mai taushin hali ba ne, ya yi yaƙi da ƙungiyoyin ƙwadago shekara da shekaru. Lissafi ya yi.

Misali na 3. A ɗauka injin casa na kawo ribar 20,000 a yini. Maigida ya riƙe wa gwanin da ke tada injin ladan 15,000 har mako uku, gwanin ya yi fushi ya koma wani wuri. Inji ya kwana 3 a kashe: asarar 60,000. Sabon da aka ɗauko ya yi kwana 10 yana fitar da rabin aiki: asarar 100,000. Jimilla 160,000, ban da shinkafar mutane da ya kakkarya da masu kawo aikin da suka sauya wuri. Kuma 15,000 ɗin tana nan, bashi ce.

5. Riƙon mutane yau da gobe

Mutanen Gwandu ba baƙin wannan zance ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin Gwandu, ya rubuta wa mutanen Kano littafin Diya'ul Hukkam a kan yadda masu iko za su tafi da jama'a bisa shari'a da adalci. Mai yara uku a shago ba sarki ba ne, amma shi ma an ba shi kiwo.

Wurin da aka fi gane shugaba shi ne ranar da aka yi kuskure. A ɗauka wani dattijo mai gadin rumbun albasa ya manta bai rufe ba, raɓa ta taɓa kaya. Wani maigidan zai tsaya gaban 'yan dako ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Kullum sai ka jawo mini asara!" Wani kuma zai jira a watse, ya ja shi gefe ya ce, "Baba, jiya rumbu ya kwana a buɗe, buhu biyu sun jiƙe. Me ya faru?" Sai dattijon ya ce, "Wallahi Alhaji, ku yi haƙuri, yarinyata aka kwantar a asibiti, hankalina ba ya jikina." Na farko ya huce haushinsa, ya yi asarar albasa da mutum. Na biyu ya gano dalili, kuma yana da damar sa wani ya riƙe gadin kwana biyu. Kalmomin "kullum" da "ba ka taɓa" suna hukunta mutum gaba ɗayansa. Faɗin abin da ya faru da ranar da ya faru yana barin ƙofar gyara a buɗe.

Abu na biyu shi ne son kai. A ƙauye kusan kowa ɗan'uwan wani ne, kuma ba laifi mutum ya ɗauki ɗan ƙanensa aiki. Ɓarna tana farawa ne idan ɗan gida ya makara aka yi shiru, bare ya makara aka zaftare. Ma'aikata suna iya jure ƙaramin lada fiye da yadda suke jure bambanci.

Na uku shawara. Wanda ke tsaye gaban inji tun safe ya fi maigida sanin sautin da ya sauya. Minti goma a farkon mako, a tambayi kowa abin da ke hana aiki tafiya, ya isa. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa aiki da wani abu daga ciki, in ba haka ba mako na uku kowa zai yi gum.

Ma'aikaci ma yana da nasa nauyin, kuma ba ƙarami ba ne: zuwa a kan lokaci, kula da kayan aiki kamar nasa, faɗin gaskiya idan ya yi ɓarna, da cika jinga yadda aka yi ciniki, ba a share bakin gona a bar tsakiya ba.

Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a fara da shaidun da aka yi ciniki gabansu, sannan shugaban sana'a ko sarkin noma, sannan hakimi ko uban ƙasa. Ma'aikacin wata yana da ƙungiyarsa ta ƙwadago, da jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aikinta ke nan.

Tambayoyin bita

1. Kawo nauyi huɗu da ke kan maigida a tsarin gandu. Wanne daga ciki ya fi ɓacewa a aikin lada na yau?
2. Mene ne bambancin ƙwadago, jinga da albashi? Kawo misalin kowanne daga garinku.
3. Waɗanne abubuwa huɗu ne ya kamata a yanke kafin a fara aiki?
4. Su wane ne dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafa ba?
5. Wata mata ta shekara 3 tana aiki a gidan burodi. Wa'adin sanarwa nawa ya kamata a ba ta kafin a sallame ta?
6. Ana biyan wani mai gadi 52,000 a wata, yana aiki kwana 26. Nawa ne ladansa na yini, kuma nawa ya rage ya kai ma'aunin Misali na 1?
7. Yaron shago yana zuwa ƙarfe 8 na safe ya tashi 9 na dare, da hutun awa 2, kwana 6 a mako. Awa nawa yake yi a mako?
8. Wani wuri yana biyan ma'aikata 8 naira 80,000 kowanne. Nawa zai zuba a asusun diyyar rauni a wata?
9. Me ke sa samari himma a gayya alhali ba a biyansu?
10. Aikin rukuni: ku zaɓi sana'a ɗaya a Masama ko Kalgo, ku tsara mata irin tata gayaunar, sannan mutum biyu su kwaikwayi yadda maigida da ma'aikaci za su yi cinikinta gaban shaidu.